Kurakuran da masu koyon wayarin ke yi wajen ɗora akwatin rarraba wuta

Na gaji da buɗe akwatin rarraba wuta, wanda muke kira dibi, a gidajen Samaru da Sabon Gari da Gyallesu a Zariya, kullum ina tarar da ɓarna iri ɗaya. Ƙannena masu koyon wannan sana'a, da ku nake.

Babbar ɓarnar ita ce ƙara girman bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an yi wa layi lodi fiye da kima, don ta daina faɗuwa. Ba firji ko talabijin bireka ke karewa ba, wayar da ke cikin bango take tsaro. Wayar 2.5mm ta soket ba na ɗora mata bireka da ta wuce amfiya 20, sai in layin zagaye aka yi, wato wanda waya ke fita daga dibi ta bi soket-soket ta dawo dibi, shi ne ke ɗaukar 32. Ta 1.5mm ta fitilu kuwa 10 ta ishe ta.

Da tsada na koyi wannan. Ina shekara ta biyu da barin shagon maigidana, wani Alhaji a Tudun Wada ya matsa mini cewa birekarsa na faɗuwa kullum. Hita da dutsen guga da firji duk a layi ɗaya suke. Maimakon in raba layin, sai na cire ta 20 na sa ta 40. Ta daina faɗuwa, har ya sa mini albarka. Da hunturu ya shigo aka riƙa dafa ruwan wanka da asuba, robar wayar ta narke a cikin silin, wuta ta kama. Allah ya tsare rayuka, amma ɗaki guda ya ƙone ƙurmus, sai da na sayar da babur ɗina na biya. Idan bireka ta faɗi, magana take yi maka, kai kuma ka je ka toshe mata baki? Tun daga ranar, esi da hita kowanne layinsa daban nake ja masa, da wayar 4mm. In maigida ya ce kuɗin ya yi yawa, ina tattara kayan aikina in tafi.

Ta biyu ita ce janareta. Wallahi har yanzu ina ganin yaran da ke jona inji ta soket ba tare da canjoba ba, wato makunnin da ke raba gida da layin NEPA kafin ya jona shi da janareta. Kun san abin da kuke yi kuwa? Wutar tana komawa layin NEPA, taransfoma ta ɗaga volt 230 ɗin nan zuwa 11,000, alhali wani bawan Allah yana kan falwaya da tabbacin an kashe layi. Ɗaukar rai ne wannan. Ni canjoba mai yanke layif da nutural gaba ɗaya nake sawa, a gidan layi uku kuma mai yanke wayoyi huɗu.

Sai atin, wato haɗa wayarin gida da ƙasa ta hanyar rodin da ake kafawa. Ƙasarmu tana bushewa ƙwarai da rani, rodi ɗaya da aka kafa da damina ba lalle ya yi aiki a watan Maris ba. Abokan sana'a suna zuba gawayi da gishiri. Ni ba na son gishiri, cin rodi yake yi. Nakan ƙara rodi na biyu a wuri mai laima, in auna da mita. Kuma kada ka miƙa gida babu RCD mai 30mA, wato na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ƙasa, ka nuna wa matar gida maɓallin gwajinta.

Kada a ɓoye dibi cikin wadirof ko banɗaki, ko bayan buhunan masara a sito. Dokar wutar Amurka ƙafa 3 take nema a bari fili a gabansa, ni ma haka nake bari. A rubuta sunan kowane ɗaki a kan birekarsa. A daina cusa wayoyi biyu a bakin bireka ɗaya. A tsohon launi ja ne layif, baƙi nutural, a sabo kuma ruwan ƙasa da shuɗi, kada a cakuɗa su ba alama. Wanda ya gama koyo ya nemi takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wuta a Najeriya, ya kuma karanta ƙa'idojin aikin wayarin da ake kira NESIS, waɗanda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a 2015.

Bayan mako biyu da gama aiki nakan koma gidan, in kashe wuta, in bi kowane noti in sake ɗaure shi, domin wayar da ta yi sako-sako ita ke fara zafi har ta baƙanta robar bireka.