Dabarar tambayar musabaha ga masu shirin JAMB

'Yan uwa ɗalibai na Katsina, kada tambayar nan ta ƙara cinye muku lokaci: an taru a Ƙofar Soro gaisuwar Sallah, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, jimillar musabaha 66. Mutum nawa ne?

Ku ninka 66 sau biyu, 132 ke nan. Sai ku nemo lambobi biyu maƙwabta da in an buga su za su ba da 132. 11 sau 12. Babbar ita ce amsa: mutum 12.

Dalili kuwa, kowa yana gaisa da kowa ban da kansa, wato n(n−1), in n shi ne yawan mutanen. Amma gaisuwata da kai ita ce taka da ni, an ƙirga sau biyu, shi ya sa ake rabawa biyu a samu 66, mu kuma da muke komawa baya daga 66 sai mu ninka. A dogon hanya za ku kai n²−n−132=0, ku samu 12 da −11, ku jefar da −11. Wa ya taɓa ganin mutum −11?

Inda ba ta aiki: wasan gida da waje. Firimiyar Ingila ƙungiya 20 ce, wasa 380, 20 sau 19, ba ninki ba rabi. Haka in an ce baƙi da masu gida ne kawai suka gaisa, yawan waɗannan sau yawan waɗancan za ku buga.