Masu jiran jirgin Jidda a Sawakin, ku leƙa tsohon gari

Salam 'yan uwa, shawara ce ga duk wanda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda daga tashar Usman Digna da ke Sawakin a ƙasar Sudan, don Allah kar ku ƙare jiran a zaune kan jaka, ku tari raksha (keke mai ƙafa uku) ku ce a kai ku jazira, wato tsibirin da tsohon gari yake, ba nisa.

Gidajen nan da duwatsun murjani na teku aka gina su, shi ya sa da Turawa suka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a 1909 jama'a suka kwashe, babu mai gyara, sai suka rinƙa zubewa, wallahi abin tausayi. Amma masallacin Hanafi da na Shafi'i suna nan tsaye, Turkiyya ce ta gyara su, ku fara da su. Sai tsohon gidan kwastan a bakin ruwa, nan na fi daɗewa ni kam, saboda alhazanmu da suka taho a ƙasa daga Kano da Sakkwato ta garin nan da yawansu suka tsallaka zuwa Hijaz.

Ku je da sassafe kafin rana ta buɗe, ku riƙe ruwa da fasfo, kar a bar yara su hau bango don rubzawa yake. Hoto kuma a tambayi masu gadi tukuna.