Yadda ƙaramar hukuma za ta shirya wa ambaliya tun damina ba ta sauka ba

Ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri ne cikin dare, a ranar 10 ga Satumba 2024. Ruwan Mokwa ma, a jihar Neja, a 29 ga Mayu 2025, da asuba ya zo, ya ci rayukan mutane sama da 150. A irin wannan lokaci motocin NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da na hukumar agaji ta jiha ba su kai ga isowa ba. Waɗanda ke wurin su ne dagaci da mai unguwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma, kuma abin da suka tanada tun rani shi kaɗai ke hannunsu. Ga yadda ake tanadin.

1. A kafa kwamiti tun watan Maris. A farkon kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke barazana gare su. A samo takardun biyu, a zauna a kansu. Kwamitin ya ƙunshi ciyaman, shugabannin sassan ayyuka da lafiya da noma, baturen 'yan sanda, hakimai, sarkin ruwa, 'yan Red Cross da wakiliyar mata. Kowane aiki a rubuta sunan mutum guda a gabansa, da na mataimakinsa, da lambar wayarsu. Aikin da aka ce "sashen ayyuka zai yi" ba mai yin sa ƙarfe uku na dare.

2. A zaga mazaɓu da ƙafa. A ɗauki dattawan gari su nuna inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, a shafa fenti a jikin bango ko bishiya daidai wurin. Gidajen da ke ƙasa da alamar a ƙidaya su, a ware na laka, domin ginin ƙasa daga gindi yake jiƙa ya zube, sau da yawa bayan ruwa ya kwana biyu a jikinsa. A rubuta tsofaffi, masu juna biyu, kurame, makafi da duk wanda ba zai iya gudu ba, kowannensu da sunan maƙwabcin da zai ɗauke shi.

3. A yashe magudanai a Afrilu da Mayu. A fara daga ƙasa inda ruwa ke fita, a hauro sama. In aka faro daga sama, sharar za ta taru ta toshe kwalbatin gaba. Ƙasar da aka kwaso a kwashe ta ranar. Wadda aka jibge a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da ita ciki. A yankin kogin Haɗeja kuwa akwai ciyawar kachala, wadda ke toshe hanyar ruwa har ya fantsama cikin gari da gonaki, don haka yanke ta na cikin aikin.

In za a yi jinga da buhuna, kada a cika buhu. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya manne da ɗan'uwansa. A jera su kamar ginin bulo, na sama ya rufe gaɓar na ƙasa, a tattake kowane layi. Faɗin gindin jinga ya ninka tsayinta sau uku. Siririyar jinga mai tsayi ita ce ke fara ɓallewa.

4. A kafa sandar awo da hanyar sanarwa. Nan ne yawancin shiri ke lalacewa, don haka a ba shi lokaci. A kafa sanda mai ƙarfi a bakin kogi ko jikin gada, a raba ta da fenti: kore, rawaya, ja. Ja ya zama ƙasa da alamar ambaliyar baya, ta yadda in ruwa ya taɓa shi akwai sauran sa'o'in tashi. Mutum biyu su riƙa karanta ta safe da yamma, in ruwa ya shiga rawaya kuma, duk bayan awa biyu har cikin dare, da tocila.

Tun yanzu a yanke abin da kowane launi ke nufi. Rawaya: a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a sa takardun gida da na makaranta a leda, a fitar da marasa ƙarfi. Ja: kowa ya tashi, ba sai an jira izinin ciyaman ba. Wannan ikon a ba dagaci a rubuce, domin lokacin da ake ɓatawa wajen neman mai ba da umarni shi ne lokacin da ruwa ke yanke hanya.

Saƙo ya bi hanya fiye da ɗaya, saboda ruwan sama kan ɗauke sabis da wuta: waya, lasifikar masallaci da coci, mai shela a kan babur, da wani bugun ganga ko usur da kowa ya san ma'anarsa. Matan da ke cikin gida ba lallai shelar kasuwa ta same su ba, shi ya sa kowace unguwa ke buƙatar mace mai shiga gida-gida. Garuruwan da ke ƙasan madatsa irin ta Tiga ko ta Challawa, ko bakin Binuwai inda ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ke gangarowa, su riƙe lambar mai ba da labarin sakin ruwa, da ta dagacin garin da ke sama da su.

5. A zaɓi matsuguni, a yi masa lissafi. Wurin ya kasance kan tudu, da hanya biyu ta isa gare shi. Ma'aunin ayyukan jinƙai shi ne lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, da masai ɗaya ga mutum 20, ko da yake a kwanakin farko ana iya farawa da ɗaya ga mutum 50. Ke nan mutum dubu na buƙatar lita dubu 15 kullum da masai 20 zuwa 50. Masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, na mata daban, da fitila. Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa, saboda ruwa ya haɗa salga da rijiya. A tanadi ƙwayar kulorin, sabulu, gidan sauro da ruwan gishiri da sukari. In na leda ya ƙare, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Rijiyar da ruwa ya shiga ba a sha sai an yashe ta an zuba mata magani.

6. A ware kuɗi, a yi atisaye. Kuɗin mai, hayar kwale-kwale da abincin kwana uku su shiga kasafin shekara, a kuma daidaita farashi da masu jirage tun rani. Kowane jirgi a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, a sa masa rigunan kariya, domin lodi fiye da kima kan kashe waɗanda ambaliyar ta bari. A gaya wa jama'a kada su ratsa ruwa mai gudu: wanda ya wuce idon sawu kaɗan, kamar santimita 15, na iya kayar da babba, santimita 60 kuma na tafiya da mota.

A watan Yuni a zaɓi ƙauye guda a gwada komai da rana: a buga shela, a duba agogo, a ga minti nawa gidan ƙarshe ya ɗauka kafin ya isa tudu. Lambar da ba ta shiga ba a sauya ta, hanyar da ta cushe a nemo wata, sannan a maimaita da dare kafin Agusta.