Yadda Za Ka Kai Kukanka Majalisar Tarayya Daga Sakkwato

Fara da sanin mai wakiltarka. Sakkwato na da sanatoci 3 cikin 109 da 'yan majalisar wakilai 11 cikin 360, kuma mazaɓar da ka yi rajista ce ke nuna naka.

Rubuta kokenka a shafi ɗaya: matsalar, unguwa ko ƙauyen, sa hannun jama'a. Kai shi ofishin mazaɓa, ka nemi a buga wa kwafinka hatimi. Koken baki a wurin ɗaurin aure ba ya isa Abuja, domin sai ɗan majalisa ya gabatar da takarda a zaure.

Ƙudirin doka kuwa, karatu uku ake masa a majalisa. Bayan na biyu kwamiti ke sauraron jama'a, nan ne maganarka ke da nauyi. Idan majalisa ta amince da ƙudirin ta miƙa masa, shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu.