Tikiti biyu, akwati ɗaya: abin lura kafin a auna kaya

Sababbin zuwa da yawa suna yankar tikiti biyu daban saboda arha: ɗaya daga Abuja zuwa Landan, ɗaya kuma daga Landan zuwa garin da za su zauna. A wajen kamfanonin jirgi wannan tafiya biyu ce, kuma akwatinka zai tsaya inda tikitin farko ya ƙare. Ko kamfanonin suna ƙawance ɗaya, ba dole ba ne su wuce maka da kaya. Ƙawancen oneworld ya cire wa mambobinsa wannan wajibcin tun 2016.

Wurin awo, nuna tikitin biyu ka nemi a wuce da kayan. In an yarda, to madalla. Amma kafin akwati ya bi bel, duba haruffa uku da ke jikin takardar da aka maƙala masa, waɗanda ke nuna filin jirgin da zai sauka. In LHR aka rubuta, a filin jirgin Heathrow na Landan zai sauka, ko me aka ce maka da baki. Ƙaramar sitikar shaidar kaya da aka ba ka kuwa, adana ta tamkar fasfo.

Babbar matsalar ita ce biza. Ɗaukar kaya yana nufin ka bi ta shige da fice, wato ka shiga ƙasar. Mai fasfon Najeriya da ya ya da zango a Faris ko Frankfurt ba zai kai wurin kaya ba sai da cikakkiyar bizar Schengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai. Ta wucewa ba ta isa ba. Saboda haka ana iya hana shi hawa jirgi tun daga gida. Daga nan sai kwastan, kuma kilishin da aka ɗauro maka tsaraba a nan za a karɓe shi, don Ingila da Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shigo da nama.

Bar tazarar awa huɗu aƙalla, ka ƙara in sai ka sauya fili, kamar Heathrow zuwa Gatwick. Galibi ana rufe karɓar kaya awa ɗaya kafin tashi. In jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, zai rubuta ba ka zo ba, har tikitin dawowa yana iya mutuwa.

Duba awo ma: akwati biyu masu kilo 23 da ka taso da su kyauta, a jiragen arha irin Ryanair kowanne sai ka biya masa.