Darasi na Bakwai: Yadda Za A Rage Wa Ƙaramar Kwamfuta Nauyi

Jama'a sannunku da ƙoƙari. A ajinmu na yamma nan Bauchi kusan duk wanda ya zo da kwamfuta irin 'yar ƙaramar nan ce da ake cewa netbuk, wani ɗansa ne ya bar masa da ya gama makaranta a Yelwa, wani kuma ya saya tokumbo a Wunti, kuma kuka ɗaya kowa ke yi, Malam tana da nawa, in na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo ba ta gama tashi ba. To darasin yau nata ne.

Ku fara sanin abin da ke hannunku tukuna. Kamfanin Asus ne ya fito da irinta a 2007 da sunan Eee PC, sai Acer ta biyo da Aspire One a 2008, HP da Samsung da Dell duk suka shigo. Yawancinsu allon inci 10 ne, injin ciki Intel Atom, ram ɗin kuma giga 1 kacal. Ram shi ne kamar faifan da mace ke tsince shinkafa a kai, in faifan ƙarami ne komai yawan buhun da ke ɗaka kaɗan-kaɗan za ki riƙa ɗiba. An yi ta ne don rubutu da aika saƙo da ɗan leƙa intanet, mu kuma muka ɗora mata kayan da ko babbar ma sai ta yi nishi.

Babban mai danne ta shi ne antibairos, ee shi ɗin dai da aka ce mai gadi ne. Na taɓa buɗe ta wata Hajiya a ajin nan na tarar da guda uku, ɗaya ta zo da shi na gwaji wa'adinsa ya ƙare tun shekarun baya amma yana nan yana cin ram, ɗaya wani yaro ya sa mata, na ukun ita kanta ba ta san daga ina ba, kowanne yana binciken ɗan'uwansa yana zargin ɓarawo ne, ina aiki zai tafi? Guda ɗaya ya isa, kuma mara nauyi. Ku shiga Control Panel, ku nemo wajen cire manhaja, ku cire sauran ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne a kashe a kunna. In taku Windows 8 ce ko 10, akwai Defender da ya zo a jikinta kyauta, kar ku ƙara komai a kansa. Masu Windows XP da 7 kuma dole in gaya muku gaskiya, Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, ta daina da 7 a Janairun 2020, wato in an gano ɓaraka a cikinsu ba mai zuwa ya toshe. Ku yi rubutunku da lissafin shago a kai ba laifi, amma don Allah harkar banki kar a yi ta a nan, wannan ina roƙonku ne.

Mu a nan ma ciwon ba ta intanet ya fi shigowa ba, ta filash ne. Ka kai takarda shagon buga takardu, an soka filash ɗinka a kwamfutar da filash ɗari suka shiga tun safe, ka dawo gida ka ga duk foldojinka sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya a gindi. Kar ka danna su! Dannawar ce ke sakin cutar. Kuma kar hankalinka ya tashi, takardunka na nan ɓoye su kawai aka yi. Smadav, wani ɗan ƙaramin antibairos daga Indonesiya da masu gyara suka saba da shi, an yi shi ne musamman saboda filash kuma an tsara shi ya zauna tare da babban ba faɗa, shi ne kawai zan yarda a ƙara. Wanda hannunsa ya ɗan faɗa zai iya buɗe cmd, wato baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in har harafin filash ɗin E ne, abin da aka ɓoye zai fito fili.

Sai 'yan cin arziki, manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba wanda ya gayyace su. Danna maballin Windows tare da R, rubuta msconfig, shiga Startup, za ka sha mamakin yawansu. Cire alamar da ke gaban waɗanda ka gane kuma ba ka buƙata da sassafe, irin su manhajar kiɗa da ta hira da ta saukar da bidiyo. Antibairos a bar shi, abin da ba ka gane ba shi ma bar shi ka tambaya. A Windows 8 da 10 wajen yana cikin Task Manager, Ctrl da Shift da Esc a tare.

Kwalliya ma tana cin ƙarfi. Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Performance danna Settings ka zaɓi Adjust for best performance, fuskar za ta koma kamar ta da amma hannu zai yi sauri. Shara kuma rubuta cleanmgr ta kwashe, wata-wata ya isa. A burauza kar a wuce shafi biyu zuwa uku a buɗe, Facebook kaɗai ya isa ya cika faifan nan.

Akwai abin da mutane ba sa kawowa a rai, zafi da ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Bauchi ya san yadda ƙura ke shiga har cikin kwano a rufe, to haka take toshe ƙofar iskar kwamfuta, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe, injin kuma in ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Ɗora ta kan katifa ko filo ko cinya da zani shi ne ke ƙarasa ta. A sa ta kan tebur ko faranti, in an gama a rufe da kyalle, shekara-shekara a kai mai gyara ya hure cikin.

In da 'yar rarar kuɗi, yawancin netbuk suna karɓar ram har giga 2, iyakarsu ke nan, kar wani ya sayar muku da na 4. Ku tafi da kwamfutar shagon a gwada a gabanku don wasu DDR2 suke ɗauka wasu DDR3 kuma ba sa shiga ramin juna. Wadda ma'ajiyarta irin mai juyawa ce ta inci 2.5 za a iya musanya ta da SSD, wato ma'ajiya mara juyawa, wallahi a nan na fi ganin bambanci, amma a kwashe hotuna da takardu a ajiye gefe kafin a taɓa komai.

Aikin gida: kowa ya kunna tasa ya duba agogo, minti nawa ta yi kafin ta karɓi aiki, ya rubuta a littafinsa. Ya ƙirga antibairos nawa ke ciki, ya kwafo sunayen da ya gani a Startup ko da bai iya karanta su ba, harafi-harafi. Ranar Asabar a zo da littafin da kwamfutar da cajarta, da filash ɗin da ake zargi, amma kar a soka shi ko'ina kafin nan.