Gane dangin aya a fadama da yadda ake dasa su

Jama'a, in kun ga tsiro a fadama kuna shakkar ciyawa ce ko dangin aya, ku murza karansa tsakanin yatsu. Na dangin aya galibi kusurwa uku gare shi, cikinsa a cike, babu gaɓa. Karan ciyawa kuwa mai gaɓoɓi ne, sau da yawa da rami a ciki.

Wajen dasawa, kada ku wahalar da kanku da iri. Ku tsaga tushe mai saiwa da farkon damina, ku dasa a laka, kada ƙasar ta bushe ko sau ɗaya. Ni dai a bokiti nake sa nawa, domin in ya samu sarari sai ya mamaye wurin, tumɓuke shi kuma jan aiki ne.